Injiniyan da ba ya gina gada

Duk sanda na gaya wa 'yan uwa a waya cewa maƙwabciyata a nan Amurka injiniya ce mai bincike kan ma'adanar bayanai ta kwamfuta, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: "To, me ta ƙera?" A wurinmu injiniya shi ne wanda za a nuna gadarsa ko injin da ya haɗa. Wanda zai shekara goma a kan abin da ido ba ya gani, ba mu ma san inda za mu ajiye shi ba. Wannan yana damuna ƙwarai.

Na taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajenta. Tana zaune gaban madubin ƙara girma, tana sauke allurai biyu sirara kamar gashi a kan ɗan fallen silikon. Ta tura wuta kaɗan, ta dubi allo, ta rubuta lamba, ta sake. Tun safe har la'asar. Abin da take nema shi ne wani ɗan mitsitsin abu da zai riƙa tuna yawan wutar da ta ratsa shi, ko da an ɗauke wutar.

Sunansa memrista. Farfesa Leon Chua na Jami'ar Kalifoniya ne ya kawo maganarsa a 1971, da lissafi zalla, ba tare da ya riƙe shi a hannu ba. Sai a 2008 tawagar Stanley Williams a kamfanin HP ta sanar da cewa ta samar da shi. Shekara 37 ke nan tsakanin takarda da abin taɓawa.

Me ya sa ake wannan wahala? A kwamfutar da muka sani, wurin ajiya daban, wurin lissafi daban, bayanai na ta kai-komo a tsakani, kuma kai-komon nan ne ke cinye wuta da lokaci. Ƙwaƙwalwar mutum kuwa, da ƙwayoyin jijiyarta kusan biliyan 86, a mahaɗa guda take ajiya take lissafi, da wutar da ba ta wuce wat 20 ba. Farfesa Carver Mead na jami'ar Caltech ya ce a kwaikwaye ta tun ƙarshen shekarun 1980. A 2014 kamfanin IBM ya fito da TrueNorth, wani ɗan guntun silikon na kwamfuta mai jijiyoyin kwaikwayo miliyan ɗaya, wutar da yake ci ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba.

Ba na cewa nan aljanna ce. Ana yanke kuɗin bincike, kuma har yau memrista bai kori ma'adanar da ke cikin wayoyinmu ba. Amma idan gwajin maƙwabciyata ya ƙi, sai a zauna a tambaye ta me ta gano. A gida da an ce ta ɓata shekarunta.

Kullum uzurinmu shi ne rashin kayan aiki, kuma akwai gaskiya a ciki, don allurai da madubin nan ba araha ba ne. Sai dai matakin farko na Chua alƙalami ne da takarda, da jami'ar da ta bar shi ya yi tunani. Ɗan ƙanwata yana ajin ƙarshe a fannin lantarki, yana son bincike, ana ta matsa masa ya nemi aiki. Jiya na tura masa takardar 1971 ɗin, na ce ya karanta a hankali, ranar Asabar mu yi waya.