Gidajen tarihin Ingila ba a Landan kaɗai suke ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ya je Ingila domin ganin kayan tarihi ba shi da wurin zuwa sai Landan, wai ƙananan garuruwa ba su da abin nunawa. Wannan kuskure ne. Gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford, tafiyar kimanin awa guda a jirgin ƙasa daga Landan, an buɗe shi a 1683, shekara 76 kafin British Museum, babban gidan tarihin da ke Landan, ya buɗe ƙofofinsa a 1759, kuma dukansu biyun kyauta ake shiga.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne natsuwa. A Landan, bayan mutum ya sha cunkoson jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai ya tsaya bayan cincirindon masu ɗaga waya kafin ya hango Dutsen Rosetta, wani dutse mai ɗauke da tsohon rubutun Masar da ke British Museum. A Oxford kuwa da ƙafa ake zagaya gari, kuma a gidan tarihi na Pitt Rivers, wanda aka kafa a 1884, an jera kaya bisa amfaninsu maimakon ƙasar da suka fito, ta yadda baƙo zai daɗe gaban akwatin gilashi ɗaya yana kwatanta makullai ko fitilun al'ummomi daban-daban ba tare da kowa ya ture shi ba.