Yaron da babu sunansa a kowane littafi

Tun da shugaban Siriya Bashar al-Assad ya tsere zuwa Rasha a Disambar 2024, maganar da ake ta yi ita ce 'yan gudun hijirar Siriya su tattara nasu ya nasu su koma gida. Ni kuwa abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da aka haifa a gudun hijira. Yaƙin basasar Siriya tun 2011 ya ɓarke. Wanda aka haifa a tanti a kwarin Beka'a na Labanon, ko a sansanin Za'atari da Jodan ta buɗe a 2012, yau ya tasa, wani ma ya fara gemu, kuma bai taɓa taka Siriya ba.

Da yawansu ba su da takardar haihuwa. A dokar Siriya ta wajen uba ake zama ɗan ƙasa, uwa ba ta iya bai wa ɗanta. To uban ya mutu a birnin Halab (Aleppo), ko ya ɓace a kurkukun Saidnaya. Auren ma a tanti aka ɗaura, liman da shaidu, babu rajista. Uwar kuma izinin zamanta ya ƙare, tana tsoron shingen sojoji, balle ta je ofis neman takarda. Shi ke nan, a idon hukuma babu wannan yaron.

Wanda babu shi a rubuce, shiga makaranta da zana jarrabawa sai da tsiya. Shi ne za ka gani da asuba a bayan mota, shawish mai kula da sansani ya kwashe su zuwa gonar dankali. 'Yar'uwarsa kuma a aurar da ita tana shekara 14, don a rage bakin ci.

Mu nan ai ba baƙon labari ba ne. A tambayi 'yan Borno da suka haihu a sansanin Minawao na Kamaru.

Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Siriya da Labanon da Jodan duk suka amince da ita, sashe na 7 ya ce a yi wa kowane yaro rajista da zarar an haife shi. Kafin a loda kowa a mota zuwa biranen Siriya irin su Hims ko Dara'a, a shiga tanti-tanti da biro da hatimi a rubuta sunayen yaran nan, kuma a karɓi shaidar uwa idan babu uba.