Ramin da kwamfuta ta ce a haƙa

Har yau in wani ya ce mini "Injiniya, an kai ga ruwan?" sai na ji cikina ya murɗa. Waɗanda ke wajen sun san dalili, sauran ku ga yadda aka yi.

Kun san layin nan namu na bututun ƙarfe, wanda na nace sai da aka ɗaura wa na'urorin auna matsin ruwa guda biyu, kilomita 2 a tsakaninsu. To ran nan aka wayi gari ruwan da ke shiga layin tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare, lokacin da kowa ke barci, ya ƙaru ba dalili. An samu fashewa ke nan a ƙarƙashin ƙasa. Oga ya ce a kira Baba mai sanda, tsohon da ke gano yoyo ta hanyar saurare da sandarsa. Ni kuma da rawar kai na ce a bar tsoho ya huta, an wuce wannan zamanin.

Hikimar ba ta da wuya. Duk sanda bututu ya fashe, matsi kan faɗi nan take, faɗuwar ta bi ruwa ta tafi gaba da baya, a bututun ƙarfe wajen mita 1,000 a sakan guda. Na'urar da ta fi kusa ita ke fara ji. Sai dai zanen da na'urorin suka ba ni kamar tonon kaji yake: injin tura ruwa ya tashi, wani ya rufe bawul da ƙarfi, iska ta maƙale, kowanne da irin girgizarsa. Faɗuwar da nake nema ba ta wuce bar 0.1 a ma'aunin matsi ba, wato nauyin ruwa mai tsawon mita ɗaya, ita kuwa hayaniyar ta ninka haka. Na kwana ina tace lambobi, ina ɗaukar matsakaici, har na ga ɗan gangare a duka biyun. Ta farko ta riga ta biyu da sakan 0.6. Lissafi ya ba ni mita 700 daga ta farko. Na je da kaina na shafa jan fenti a wurin, har da yi masa da'ira.

Leburori huɗu, diga da shebur, tun ƙarfe 8.

Wajen ƙarfe 9 wani mutum ya zo wucewa a kan keke. Ban san shi ba, ba ruwansa da aikinmu, amma ya jingine kekensa ya tsuguna a bakin ramin. Wallahi awa huɗu bawan Allahn nan ya yi. Ba shi da wurin zuwa ne? To keken fa, na mene ne? Duk shebur ɗin da aka watso sai ya ɗebi ƙasar ya murza da yatsu, ya dube ni ya ce, "Injiniya, an kai ga ruwan?" Da girmamawa fa yake faɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Can ya ce wa leburorin shi a saninsa ƙasar da ke kan yoyo ba ta ƙura. Suka yi kamar ba su ji ba, amma na ga kafaɗar ɗayansu tana rawa.

Ƙarfe 12 aka kai ga bututun. Bushe ƙamas. Na shiga ramin da kwamfuta a hammata, na shafa bututun sama da ƙasa, har na durƙusa na leƙa cikinsa ta ƙasa kamar mai neman allura. Na ce a ƙara mita biyu gaba. Aka ƙara. Na ce baya. Mai keke ya ce, "Ko rijiya za a mai da shi, Injiniya?"

Ina cikin ramin Baba ya iso, ashe Oga ya kira shi a ɓoye. Bai ce uffan ba. Ya bi layin yana kafa sandarsa a kan kowane bawul, yana ɗora kunne a ɗaya bakin, har ya yi nisa ya zama ɗan mitsitsi. Minti 40 ya ɗago hannu. Mita 900 daga na'urar farko. Ko rabin awa ba a yi ana haƙa ba taɓo ya fito.

Da ya dawo ya leƙo ni daga sama ya ce, "Ɗana, na'urorin nan naka biyu, agogonsu ɗaya ne?"

Na buɗe kwamfuta a gaban kowa, don na nuna masa. Agogon ta farko yana baya da sakan 0.4. A irin lissafin nan, kuskuren mita 200 ke nan cif. Oga ya tambayi wanda aka ɗora wa saita su. Na ce za a bincika. Ya ce ai sa hannuna ne a takardar.

Mai keke shi ne ya miƙo hannu ya fito da ni daga ramin, har da kaɗe mini gwiwa. Cike ramin kuwa a kasafin sashena aka rubuta. Shekaranjiya na hango shi a hanya ya ɗago mini hannu, na yi kamar ina amsa waya. Fentin ma yana nan a gefen ramin, ruwan sama biyu bai wanke shi ba.