Siminti kaɗai ba zai tsare magudanar nan ba

Jama'a ni fa ban yarda da maganar da ake ta yi a unguwa ba, wai a tara kuɗi a sayo siminti a malale magudanar ruwan filin shaƙatawar nan shikenan an huta. Wallahi asara za a yi. Duk wanda ya san yadda ruwa ke gudu a Zariya cikin watan Agusta ya san ba ta sama yake cin gaɓa ba, ta ƙasa yake bi ya ƙwaƙule gindin, sai ka ga kankare yana reto babu abin da ya tokare shi, damina ta biyu ya rufta. Ga shi da santsi, ƙara wa ruwa gudu yake, inda simintin ya ƙare nan sabon kwazazzabo zai ɓullo, ka ga kenan mun kwashe matsalarmu mun kai wa mutanen gangare.

Ku tuna da can saman nan gonaki ne, ruwa na samun inda zai nutse. Yanzu ko'ina kwano da kwalta da intalok, kuma ruwan da muke samu a shekara wajen milimita 1,000 ne, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, duk ya haɗu ya fito ta kwalbati ɗaya da ƙarfin tsiya. To ƙarfin nan ya kamata a fara karyawa. A jibge manyan duwatsu a bakin kwalbatin, a yi 'yan gajerun shingayen dutse a cikin magudanar nan da can yadda ruwa zai riƙa saukowa kamar a matakala yana barin laka a baya. Gindin gaɓa kuma kwandon waya cike da dutse, shi ko ƙasa ta motsa lanƙwasa yake ba ya tsagewa, ruwa ma na bi ta cikinsa ya wuce.

Sannan gaɓar da ta tsaya a miƙe a sassabe ta ta kwanta, a shuka jema. Eh jemar nan dai da aka raina, saiwarta ƙasa take nutsawa har ta kai mita 2 zuwa 3, in aka jera ta layi-layi a gicciye, tazarar tafin hannu tsakanin tushe da tushe, sai ta haɗe ta zama shinge mai tace laka. Tsakanin layukan a sa kiri-kiri ko gamba. Aikin dutse da rani ake yinsa, shuka kuma farkon damina, amma fa a killace da ƙaya, in ba haka ba awakin unguwa muka yi wa hidima.

Wanda ya fi ci min rai masu zuba shara ne da sunan wai suna cike rami. Haba malam, leda ce za ta riƙe ƙasa? Toshe hanya take, ruwa ya kauce ya ci gefe. Ga masu ɗibar yashi da baro su ma. Ƙasar da ke tafiya kuwa ba ɓacewa take ba, rafuka take cikewa, dam ɗin Kubanni na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ma ya daɗe yana fama da laka.

Wasu sun ce a jira gwamnati. Akwai shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, a rubuta musu mana ba laifi, amma ramin ba zai tsaya jiran amsa ba. Garin da ke da ABU da cibiyar binciken noma ta Samaru ai ba ma rasa injiniyan da zai zo ya auna gangaren ya faɗa mana shinge nawa ake buƙata. Mai unguwa don Allah a nemo shi tukuna kafin a taɓa kuɗin nan, ni tawa gudummawar ta dutse ce da waya.