Wa Ke Sa Wando a Gidan Tanko?

Shagon tela ne, saura kwana uku Sallah. Ɗan Boko na kan benci yana danna waya, sai ga Tanko Baƙauye da yadi a hammata.

TANKO: Tela, ga shi. Uwargida ta ce 'yar shara za a yi mini, ban da aiki a wuya.

TELA: Kai da ka ce babbar riga kake so bana?

TANKO: Ta ce iska za ta ɗauke ni a filin Idi.

ƊAN BOKO: Ikon Allah! Wato a gidanka, "she wears the trousers."

TANKO: Tela, zagina ya yi?

ƊAN BOKO: Cewa na yi ita ke sa wando.

TANKO: Wandon wa? Guda biyu gare ni, ɗaya ga shi a jikina, ɗaya na baro shi kan igiyar shanya!

TELA: Ni shaida ne, ni na ɗinka su. Har yau ma da sauran cikon kuɗina.

ƊAN BOKO: Karin maganar Turawan Ingila ce, Malam Tanko. A da can maza kaɗai ke sa wando a wurinsu. To in aka ce matar ce ke sawa, ana nufin wuƙa da nama na hannunta, abin da ta yanke shi ke nan.

TELA: Duk wannan dogon Turancin! Ka ce mijin-ta-ce mana, ka hutar da mu.

ƊAN BOKO: Amurkawa kuma "wears the pants" suke cewa. Amma kul ka faɗi haka a Landan, can "pants" ɗan kamfai ne.

TANKO: Innalillahi! Har kamfan ma ba a bar mini ba?

ƊAN BOKO: Ni dai a gidana, in na yi tari kowa sai ya nutsu.

Bai rufe baki ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe zumbur har hula na faɗuwa.

ƊAN BOKO: Na'am, ranki ya daɗe... A'a, ba hira nake ba... Attaruhu? Na saya... wato yanzu zan saya... To. To. Ga ni nan.

Ya suri takalmi, ya nufi ƙofa.

TELA: Malam, tsaya! Wandon nan da ka kawo ɗinki, awonka zan ɗauka ko na aika gida?