An ɗauke wuta a rami na 17, wai ni ne na gudu

Daren Asabar, ina wasan golf na waya, rami na 17, ina gaban wani ɗan Koriya da bugu uku. Na zaɓi sanda, na duba iska, yatsana na kan waya ke nan sai ɗif, Anguwan Rogo ta yi duhu. Ban damu ba tunda wayata da caji. Ashe turken sabis ɗin unguwar ma ya bi wutar. Kafin janaretansu ya tashi, minti huɗu sun wuce. Ina komawa na tarar an ba ɗan Koriya nasara, an zaftare mini maki 60, an kuma liƙa wa sunana tambarin wanda ya tsere daga wasa. Shekara uku ina hawan teburin makin nan kamar mai hawan dutsen Shere da silifas, kuma wannan ne karo na ban san adadi ba.

Da maki suka faɗi, sai aka cire ni daga gasar mako ta rukuninmu na WhatsApp. Na nemi yaron da ke riƙe da rukunin, sa'an ƙanena na uku. Na yi sallama, na tambayi mutan gida, na tura masa hoton kati da bugu ukun nan ɓaro-ɓaro. Ya karanta. Na ga alama ta yi shuɗi. Sai bayan awa biyu ya amsa, ko sallamar bai mayar ba.

"Baba, na'ura ce ta yanke."

Na ce, "Ɗana, na sani. Amma ku da kuke tsara gasa ai kuna da ido. Wuta aka ɗauke."

"Kowa haka yake cewa."

Kowa! To da ƙasar wa muke zaune? Na haɗiye, na sake rubuta masa a tsanake cewa ko a filin gaske in hadari ya taso da walƙiya, tsayar da wasa ake yi, kowa ya sa alama inda ƙwallonsa ya kwanta, in gari ya lafa a ci gaba daga nan. Ba ji na yi ba. Ina yaro na ɗauki jakar sanduna a filin Rayfield, na sha ruwan Agusta a kafaɗata, ban taɓa ganin an ce wa mutum ya sha kashi don sama ta yi tsawa ba. Golf ba tamaula ba ce, ƙwallo na jiran mai shi. Me zai hana wasan waya ya ajiye mini bugu na ko na minti goma?

Amsarsa: "To ka sa sola mana, Baba. Golf ai ba na kowa ba ne." Ya biyo da ɗan hoton nan na mai dariya har da hawaye.

Madalla da wannan hikima. Sola zan ɗora wa turken kamfani, ko? Gobe in Allah ya kai mu sai in hau da tsani.

Abin da ke ƙona mini rai, ba wani sabon ilimi ake nema ba. Tsarin handikaf na duniya, wato ma'aunin gwanintar 'yan golf, da aka fara a 2020 yana duba wasanninka 20 na ƙarshe, ya ɗauki takwas mafi kyau, da su ake auna ka. Ranar da ka tashi da ƙafar hagu ba ta rusa ka. Masu dara ta Turawa suna kan lissafin Elo tun 1970: ka ka da gwani makinka ya yi tsalle, gwani ya ka da kai a ɗan taɓa ka kaɗan. Amma namu wasan, wanda ya sayi sanda da dala yana jefa ƙwallo inda ni sai na yi bugu biyu, kuma tebur ɗaya ake jera mu. Ga masu faɗuwa da gangan su sauko ajin yara suna kwasar kofi. Waɗannan na'ura ba ta ganinsu, sai ni da duhu ya rufe.

Shi wanda ya tsara wasan ma ban cika ganin laifinsa ba. Yana can inda in wuta ta ƙifta sai an yi labari. Namu fa? A Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta naira 225 kowane yunit ga 'yan layin da aka yi wa alƙawarin awa 20, mu sauran aka bar mu da tsintar ragowa. A Janairun 2025 aka amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari kan kira da data, wai don sabis ya gyaru. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ƙaramin janaretana ya zama kujerar zaman ƙofar gida. Mun biya wuta, mun biya data, sannan ɗan abin da mutum zai ɗebe kewa da shi bayan Isha'i, nan ma gwamnati sai ta biyo ka har rami na 17 ta buge maka hannu. Su kuma ranar hutu suna Abuja kan ciyawa shar, ana bin su da lema.

Yanzu haka wayar na wajen mai caji a bakin titin Bauchi, naira 200. In na karɓo, ajin da aka wurgo ni zan shiga, in kara da wani yaro da ko riƙon sanda bai iya ba, shi ma in lalata masa dare.