Ta'aziyyar Facebook da Turancin Baƙin Ciki

Ranar 13 ga Yulin 2025 da Muhammadu Buhari ya rasu a Landan, tun kafin a kai gawarsa Daura, Facebook ya cika da ta'aziyya iri biyu. Wasu na cewa "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta", wasu kuma, galibi matasa 'yan boko, na rubuta "RIP Baba", "I'm heartbroken", "I'm speechless". Yanzu kusan kowace rasuwa haka ake yi, ko ta maƙwabci ce.

Malamai sun sha jan kunne a kan RIP, wato "ya huta lafiya" a taƙaice, saboda asalinta addu'ar coci ce da harshen Latin. Ni abin da ya fi damuna daban ne.

Ta'aziyyar Bahaushe ba ta mutum ɗaya ba ce. Ka tuɓe takalmi, ka zauna kan tabarma a ƙofar gida, a yi addu'a a shafa. Ka ce "ya haƙuri?", mai rashi ya ce "da godiya". Ka ce "Allah ya gafarta masa", jama'a su amsa da amin. Duk abin da ka faɗa, ko mamaci yake wa amfani ko wanda aka bari. To "I'm heartbroken" fa? Labarin zuciyar mai rubutun ne. Sai ka ga ɗan mamaci na lallashin wanda ya zo yi masa gaisuwa.

Ba kuma rashin kalmomi ne ya kai mu nan ba. Muna cewa gabana ya faɗi, jikina ya yi sanyi, tsikar jikina ta tashi, kamar yadda ake ji idan liman ya rushe da kuka a tahajjudin goman ƙarshe. Sai dai irin wannan aboki ake faɗa wa a hanyar komawa gida.

Duk da haka ba zan ɗora wa yaran nan laifi duka ba. Kunya ta ɗaure mana baki. Inda uwa ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ina saurayi zai iya furta cewa yana kewar mahaifinsa? Da Turanci yake samun rubuta "I miss you Baba" ba tare da an ce ya cika raki ba. Haka wanda ya ce yana cikin damuwa, haƙuri kawai za a ba shi, amma ya ce "depression", wataƙila wani ya tuna masa da likita. Nan kam aron ya yi rana.

A zaman makoki ne nake ganin bai da gurbi. Tsohuwar da ta rasa ɗa, in jikanta ya zauna yana karanta mata saƙonnin waya, addu'a take jira ta ji don ta amsa.